Yadda Ake Gano Tushen Ƙwanƙwasa a Injin Tsohuwar Mota Kafin a Kwance Shi

Har yanzu akwai masu riƙe da Peugeot 504 da 505 na haɗin Kaduna a Legas, da Volkswagen Beetle da aka riƙa haɗawa a Ojo kan hanyar Badagry, da tsofaffin Marsandi irin su 200 da 230. Za ka gan su a Agege, Idi-Araba da Obalende, wasu gado ne, wasu kuma sha'awa ce ta sa aka ajiye su. Abin da ya fi tayar wa mai irin wannan mota hankali shi ne ya ji inji ya fara ƙwanƙwasa. Da ya kai gareji kuwa, sau da yawa maganar farko da zai ji ita ce a sauke inji.

Kada ka yarda da wannan tun ba a yi gwaji ba. Ƙarar da ke fitowa daga inji tana iya zama ta tafet (abin da ke tura bawul ya buɗe) da ta saki, wadda aikin minti 30 ne, tana kuma iya zama ta metal ɗin kwanrod (siririn ƙarfen da ke shimfiɗe tsakanin sandar fistin da karanshaf) da ya cinye, wanda in ka ƙara tafiyar kilomita kaɗan zai fasa bulok. Kunne da 'yan gwaje-gwaje masu araha suna raba waɗannan biyun ba tare da an kwance noti ko ɗaya na cikin inji ba. Tsarin da muke bi shi ne a fara da abin da ba ya cin kuɗi, a bar buɗe inji ya zama na ƙarshe.

Da farko: a ci gaba da kunna ta ko a kashe?

Idan ƙarar mai nauyi ce, gwaf-gwaf daga ƙasan inji, tana ƙaruwa da ka taka totur, kuma jar fitilar baƙin mai tana ƙyaftawa ko ta kama gaba ɗaya, kashe motar nan take. Kada ka ce bari ka lallaɓa zuwa gida. Kuɗin janwe daga Oshodi zuwa Agege bai kai na karanshaf (babban sandan da fistin ke juyawa) ba, balle na bulok, wato gangar jikin injin. Kada kuma ka hau gadar Third Mainland da injin da ka fara zarginsa, domin kusan kilomita 12 ce babu wurin tsayawa mai aminci.

In ƙarar siririya ce daga sama kuma fitilar mai ba ta kama ba, kana da sararin yin bincike a natse.

Duba baƙin mai kafin ka saurari komai

A ajiye motar a wuri mai shimfiɗe, a bar ta minti 10, sannan a zaro sandar gwajin mai. Abu huɗu ake dubawa. Yawansa: 504 tana cin kimanin lita 4, Beetle kuwa lita 2.5 kacal, don haka rasa lita 1 a Beetle babban giɓi ne. Launinsa: in ya koma fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga. Warinsa: in kana jin fetur a ciki kuma ya tsinke, to robar cikin famfon fetur ta yage ko kafireta tana ambaliya, fetur na gangarawa ƙasa yana wanke metal. Sai kuma ƙyalli.

Ƙyallin nan shi ne shaida mafi ƙarfi da za ka samu kyauta. A juye man a cikin kwano mai tsabta, a kai shi rana, a karkata. Garin da ke ƙyalli ja-ja ko ruwan tagulla daga metal yake, yana nufin saman metal ɗin ya cinye har an kai ga jan ƙarfen da ke ƙasansa. A zura maganaɗisu a ciki. Abin da ya manne ƙarfe ne daga kamshaf (sandan da ke buɗe bawul), ringi ko sarƙar tamin da ke juya kamshaf ɗin. Abin da ke fari yana ƙyalli amma bai manne ba, galibi alminiyam ne na fistin ko saman metal. A yanka filtar mai a ware takardar cikinta a duba. Beetle ta asali ba ta da filta, rariya ce a ƙasan inji mai noti 6, ita za a cire a duba abin da ta tara.

Idan ka ga ɓarɓashin tagulla da yawa, bincike ya kusa ƙarewa tun nan.

Rubuta halin ƙarar

Kafin ka ɗauki sifana, ka amsa waɗannan, ka ma rubuta su, domin su ne za ka faɗa wa bakanike maimakon ka ce masa kawai mota tana ƙara. Tana yi da safe inji na sanyi ne ta ɓace in ya ɗumi, ko kuwa sai ya yi zafi take fitowa? A silo take yi, ko sai an taka, ko a daidai lokacin da ka ɗaga ƙafa daga totur? Tana bin gudun inji ko gudun taya? In ka taka kuloci tana canzawa? Kuma me ya faru kafin ta fara: an sha mai a sabon wuri, an taɓa tamin (saitin lokacin da fulogi ke ba da wuta), inji ya yi zafi a gosulo, ko an ratsa ruwa?

Tambayar ruwan nan ta 'yan Legas ce musamman. Motar da ta shiga ambaliyar damina a Lekki ko Iyana Oworo ta mutu a ciki, aka matsa mata da kunnawa, tana iya zuƙar ruwa ta kafireta. Ruwa ba ya matsuwa, don haka kwanrod ne ke lanƙwashewa. Injin zai tashi daga baya, amma da ƙwanƙwasa da rawar jiki, kuma silinda ɗaya za ta nuna ƙarancin matsi.

Fitar da abubuwan waje

Ba kowace ƙara ce daga cikin inji ba. A cire fanbel a kunna motar na ƙasa da minti 1. In ƙarar ta ɗauke, to famfon ruwa ne ko altaneta ko fuli. A Beetle kada a wuce daƙiƙa 30, saboda bel ɗin nan shi ke juya fankar da ke sanyaya injin gaba ɗaya. A girgiza salansa da hannu tana sanyi, a duba kujerun inji ko robarsu ta tsage, a duba notocin fuli na gaba. Gaskit ɗin bakin salansa da ya ƙone yana yin tas-tas mai kama da tafet ƙwarai, ya fi ƙarfi da sanyi, kuma za ka ga baƙin hayaƙi ya yi zane a wurin da yake fita.

A nan wajibi ne a faɗi maganar tsaro. Kada ka sunkuya kan inji yana aiki da babbar riga ko hannun kaftani a sake, ko carbi a wuya. Fanka da bel ba sa jira. Kada kuma ka kunna mota a rufaffen gareji.

Saurare da doguwar sukurdireba

Ka ɗora bakin doguwar sukurdireba a jikin inji, ka kafa mariƙinta a ƙashin da ke gaban kunnenka. Guntun tiyo ma yana yi wajen neman inda iska ke fita. Ka bi wurare huɗu a jere: murfin bawul a sama, jikin bulok a daidai kowace silinda, murfin sarƙar tamin a gaba, sai kwanon mai a ƙasa. Inda ƙarar ta fi kaifi nan ne kusa da tushenta, ko da yake ƙarfe yana ɗaukar sauti ya kai shi nesa, shi ya sa ba a yanke hukunci da wannan kaɗai.

Sai ka ƙidaya saurinta. Kamshaf yana juyawa rabin gudun karanshaf ne. A silo na juyi 800 a minti, bawul guda yana buɗewa sau 400, wato kusan sau 7 a daƙiƙa. In kana da fitilar tamin, ka maƙala ta a wayar fulogi ɗaya. Ƙarar da ke tafiya daidai da walƙiyar fitilar, bugu ɗaya walƙiya ɗaya, mafi yawanci ta sama ce, ɓangaren bawul. Wadda ke yin bugu biyu a kowace walƙiya ta ƙasa ce, karanshaf, kwanrod ko fistin.

Ƙarar da ke zuwa sai an taka: matsalar wuta da fetur

Wannan ita ce mafi yawa a Legas kuma mafi sauƙin gyara. Sautinta kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana kaɗawa, ba ta fitowa a silo, sai kana hawan gada ko ka taka sosai a babbar giya da ƙaramin gudu. Abin da ke faruwa shi ne fetur yana fashewa da kansa a cikin silinda maimakon ya ci da tsari daga tartsatsin fulogi.

Gwajinta: bari inji ya yi zafi, ka sa giya ta 4 a gudun kilomita 40, ka taka totur sosai a wuri mai hawa, irin gadar Pen Cinema lokacin da hanya ta yi sauƙi. In ta fito, ka tsaya, ka yi alama a gindin distirbita da alli, ka sassauta notinta, ka juya jikinta kaɗan ƙwarai zuwa ɓangaren da rota ke juyawa. Wannan yana jinkirta wuta. Ka tuna digiri 1 a distirbita digiri 2 ne a karanshaf, don haka motsin da bai wuce kaurin ashana ba ya isa. Ka sake gwadawa. In ƙarar ta ragu ko ta tafi, ka gano ta.

Amma kada ka tsaya a nan, ka nemi dalili. Tazarar kwantak, wato bakin ƙarfen da ke buɗewa da rufewa a cikin distirbita, ita ce farko, 0.4 mm a 504 da Beetle duka. In tazarar ta canza, tamin ma ya canza, don haka kwantak ake fara saitawa sannan tamin, kuma da fitila, ba da kunne ba. A buɗe distirbita a duba sifirin na ma'aunan da ke ƙarƙashin farantin kwantak. In sun saki ko ɗaya ya karye, wuta za ta riƙa yin gaba da wuri. Sai zafi: lagireto da ta toshe, bel da ya saki, ko a Beetle robar da ke zagaye da inji ta lalace har yana sake zuƙar iskarsa mai zafi. Injin da ya yi awa 2 a gosulon Apapa zai yi wannan ƙarar ko da tamin ɗinsa daidai yake. Sai fulogi da bai dace da injin ba, da iska da ke shiga ta gindin kafireta tana rage ƙarfin cakuɗa, da baƙin dattin da ya taru a kan fistin.

Fetur ma yana da nasa laifin. Kowa ya tuna gurɓataccen man da aka shigo da shi a Fabrairun 2022 mai yawan metanol. In ƙarar ta fara ne bayan shan mai a jarka ko a wurin da ba ka saba ba, ka juye tankin ka sa wani kafin ka taɓa komai.

Kada a raina wannan ƙarar don tana da sauƙi. In aka bar ta, tana karya ringi, ta ƙona gaskit ɗin tof (kan injin da ke rufe saman silinda), ta huda fistin, kuma dukan da take yi yana sauka a kan metal ɗin kwanrod.

Tafet da bawul

Ƙas-ƙas mai tsari daga murfin sama, wadda ba ta damu da ko mota tana ɗauke da kaya ko a'a ba, tafet ce. Ana saita ta da filagej (siraran faifan ƙarfe na auna tazara), inji na sanyi sarai, an bar shi aƙalla awa 6. A injin 504 mai kafireta, bawul ɗin shiga 0.10 mm ne, na fita 0.25 mm. A Beetle duka biyun 0.15 mm.

Ga abin da ke ruɗa masu koyo: a 504 silinda ta 1 tana baya ne, wajen filawil, ba gaba wajen lagireto ba. Tsarin wutarta 1-3-4-2. Hanyar saitin ita ce, in bawul ɗin fita na 1 ya buɗe gaba ɗaya, a saita shiga na 3 da fita na 4. In na 3 ya buɗe, shiga na 4 da fita na 2. In na 4 ne, shiga na 2 da fita na 1. In na 2 ne, shiga na 1 da fita na 3. Tsarin wutar Beetle kuwa 1-4-3-2 ne.

Akwai bakaniken da zai ɗaure tafet tam don mai mota ya ji shiru ya biya. Wannan cuta ce. Bawul ɗin da ba shi da tazara ba ya zama sosai a mazauninsa, ba ya sauke zafinsa, sai ya ƙone. 'Yar ƙarar tafet ta fi shiru irin wannan lafiya nesa ba kusa ba. Kuma ka lura, waɗannan injuna an ƙera su ne a zamanin fetur mai dalma, wanda aka daina sayarwa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara zuwa farkon 2006. In ka ga tazarar bawul ɗin fita tana raguwa da kanta duk lokacin da ka auna, mazaunin bawul ne ke nutsewa, tof ɗin yana buƙatar sabbin mazaunai masu tauri.

In ka saita amma ƙarar bawul ɗaya ta ƙi tafiya, ka duba kan roka ko ya ci rami, da sandar da ke tura ta ko ta lanƙwashe. Ka mirgina sandar a kan gilashi, za ta tona kanta. Ƙarar caka-caka daga gaban inji, musamman a silo ko da farkon tashi, sarƙar tamin ce ta miƙe ko abin da ke ɗaure ta ya gaji.

Gwajin kashe silinda ɗaya-ɗaya

Wannan shi ne gwajin da ke raba gardama a kan ƙarar ƙasa. Inji na zafi, a riƙe totur a daidai inda ƙarar ta fi fitowa, a cire wayar fulogi ɗaya da filaya mai roba a hannu, a saurara daƙiƙa 5, a mayar, a wuce ta gaba. In an sauya wa motar kwantak da na lantarki, kada a bar wayar tana lilo, a taɓa ta da jikin inji don kada kwayil ko akwatin wutar ya ƙone. A Marsandi mai dizal, notin bututun nozul ake sassautawa maimakon fulogi, da tsumma a kai, hannu kuma nesa da feshin.

Metal ɗin kwanrod: ƙwas-ƙwas mai kaifi da nauyi, ta fi ƙarfi in mai ya yi zafi, ta fi fitowa tsakanin juyi 2,000 da 3,000 a lokacin da ka riƙe totur ba ka ƙara ba ba ka rage ba, ko a daidai sakinsa. Da ka cire wayar silindar da ke da laifi, ƙarar za ta ragu sosai ko ta ɗauke, ta dawo da ka mayar. In ka samu haka, kada ka sake kunna injin.

Manyan metal na karanshaf: dum-dum mai zurfi da ake ji har a ƙafa, tana fitowa in an ɗora wa inji nauyi, ko na 'yan daƙiƙu da safe kafin mai ya hau. Cire waya ɗaya ba ya kashe ta sosai, sai dai cire biyu maƙwabta ya rage ta.

Fistin da ya yi sako-sako a silinda: ƙwal-ƙwal mai rami, da sanyi take yi, ta ragu cikin minti 5 zuwa 10 in fistin ya kumbura da zafi. In tana ɓacewa gaba ɗaya, mota ba ta hayaƙi kuma ba ta shan mai, ana iya tafiya da ita tsawon lokaci. Ba ma ba da shawarar a buɗe inji saboda ita kaɗai.

Fil ɗin da ya haɗa fistin da kwanrod: bugu biyu-biyu a jere a silo, inji na zafi, kuma sau da yawa cire wayar yana ƙara mata ƙarfi maimakon ya rage. Wannan bambancin shi ke raba ta da metal.

In kuwa taka kuloci ne ke canza ƙarar, to karanshaf yana wasa gaba da baya. A kashe inji, a kama fuli a tura a jawo. A Beetle wasan da aka yarda da shi 0.07 zuwa 0.13 mm ne, ya ƙare a 0.15, wato in kana gani da ido har kana jin ƙwal, ya wuce ƙa'ida, kuma sau da yawa mazaunin metal a jikin bulok ɗin ne ya buɗe. Filawil da notinsa ya saki yana yin bugu marar tsari, ya fi bayyana a lokacin da ake kashe inji.

Awo biyu da ke tabbatarwa

Fitilar mai ba ta kamawa sai matsi ya faɗi ƙasa ƙwarai, kusan rabin "bar" a ma'aunin matsi, don haka rashin kamawarta ba shaidar lafiya ba ce. A cire suwic ɗin mai a ɗaura agogon awo a raminsa. Ma'aunin da ake bi shi ne kimanin psi 10 (psi wani ma'aunin matsi ne da ke jikin agogon) ga kowane juyi 1,000 a minti, mai na zafi sosai bayan tafiyar minti 20. Matsin da ke da kyau da sanyi amma ya zube zuwa ƙasa da psi 10 a silo in ya yi zafi, yana nuna tazarar metal ta buɗe ko famfon mai ya gaji. Allurar da ke rawa tana iya nufin rariyar famfo ta toshe da dagwalo.

Na biyu awon matsin silinda. A cire fulogi duka, a buɗe totur gaba ɗaya, a juya inji sau 5 ko 6 a kowace silinda. Daidaito ake nema: bambancin da ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 matsala ce. A zuba cokali 1 na baƙin mai a silindar da ta gaza a sake. In ya hau, ringi ne ko silinda. In bai motsa ba, bawul ne ko gaskit. Kafin a mayar da fulogan a jera su yadda suka fito. Wanda ya yi fari da ɗigo-ɗigon ƙarfe yana ba da labarin fashewar fetur, wanda bakinsa ya daku yana nufin wani abu ya faɗa cikin silindar, kamar washa ko notin kafireta.

In ya tabbata ƙasa ne

A motocin da kwanon mai ke fita ba tare da sauke inji ba, a fara da shi, mota na kan ƙafafun ƙarfe, ba kan jak kaɗai ba. A kama kowane kwanrod a girgiza sama da ƙasa, bai kamata a ji wasa ba ko kaɗan. A yi wa murfinsa alama kafin a cire, domin ba a musanya su kuma ba a juya su. Tazarar metal mai lafiya tana tsakanin 0.025 da 0.075 mm a yawancin waɗannan injuna. In wuyan karanshaf ya yi shuɗi, ko farce yana maƙalewa a zanensa, ko makiromita ta nuna ya daina zama da'ira, sabon metal kaɗai ba zai yi ba. Zai yi shiru na ɗan lokaci ƙarar ta dawo. Sai an kai shi wurin masu gurza karanshaf, su auna, su faɗi matakin da zai sauka, sannan a je kasuwar kayan gyaran mota irin ta Ladipo a sayi metal na wannan matakin. Kada a saya kafin a gurza. A kuma sa a auna ramin kwanrod ɗin da ya yi ƙarar, a wanke hanyoyin mai na cikin karanshaf da bulok da buroshi da iska, domin ɓarɓashin da aka bari a ciki shi ke cinye sabon metal. Beetle ba ta da wannan gajeriyar hanya, sai an sauke injin an raba shi biyu.

Masu 504 da 404 su kiyaye abu ɗaya: silindunsu zura su aka yi a bulok, ruwa na zagaye da su. In an cire tof, kada a juya karanshaf sai an danne silindun da washa da noti, in ba haka ba za su ɗaga, hatimin ƙasansu ya lalace, ruwa ya riƙa gangarawa cikin mai bayan an haɗa.

Game da mai kuwa, 20W-50 na gaskiya daga dila sananne shi ya dace da waɗannan injuna a zafin Legas, ba na jarkar bakin titi da ba a san asalinsa ba. Maganin kauri da ake zubawa don kashe ƙara ba ya mayar da ƙarfen da ya cinye, ɓoye shi kawai yake yi. Shi ya sa in za ka sayi tsohuwar mota, ka nemi a bar maka ita da sanyi ka tayar da kanka, ka zaro sandar mai ka ga ko yana ɗiga ko yana jan zare, sannan ka tuƙa ta minti 20 ka sake saurare tana zafi.